Gizo-gizon da ke kwana cikin naɗaɗɗen ganyen shinkafa: a yi masa feshi ko a ƙyale shi?

Tambaya: Wani manomin shinkafa daga fadamar Argungu ya aiko da tambaya. Ya ce yana zagaya gonarsa sai ya ga ganyaye da dama a naɗe, an ɗinke su da farin zare. Da ya buɗe wasu ya tarar da ɗan ƙaramin gizo-gizo fari mai sirkin rawaya, bakinsa baƙi, wani ma yana kwance a kan ƙwai. Ya kuma ga irin wannan 'yar jakar zare a ɗakinsa, daidai inda bango ya haɗu da silin. Cikin makon nan ɗansa ya wayi gari da wani dogon tabo a wuya kamar ƙuna, har ya yi bororo, mutanen gida suka ce tautau ne ya yi masa fitsari. Yana son ya sani: wannan gizo-gizon ne ya yi wa yaron haka? Yana cin shinkafa? Ya yi feshi a gona da ɗaki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaron lafiya, Ya sa albarka a abin da ka shuka. Bari in fara ba ka amsa a dunƙule kafin in warware ta. Wannan gizo-gizon ba ya cin shinkafa, masu cin shinkafar yake ci. Tabon da ka siffanta bai yi kama da aikinsa ba, akwai wani ƙwaro da na fi zargi, shi ma daga fadama yake zuwa. Feshi kuwa ina roƙonka ka dakata da shi, a gona da ɗaki duka, har ka ji dalilaina.

Siffar da ka bayar ta gizo-gizo mai jaka ce. Masana sun rubuta sama da nau'i 50,000 na gizo-gizo a duniya, adadin da kundin da ake ajiyewa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ya cika a shekarar 2022, kuma an kasa su dangi-dangi. Masu jakar da suka shafe mu iri biyu ne da suka yi kama da juna: Clubiona da Cheiracanthium. Na biyun wani masani Bajamushe, Carl Ludwig Koch, ya raɗa masa suna a 1839, kuma yana da nau'i fiye da 200. Da can an haɗa su a dangi guda saboda dukansu suna saƙa jaka, daga baya da aka duba ƙirar jikinsu sosai aka raba su, yanzu kowanne da danginsa. Naka, tunda ka ce rawaya-rawaya ne mai baƙin baki kuma yana shiga ɗaki, na fi kyautata zaton Cheiracanthium ne. Akwai nau'insa da ake kira furculatum wanda ya bazu a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, a gonaki da cikin gidaje.

In ka sake samun wani, sa shi cikin kwalba mai haske ka duba shi da kyamarar wayarka. Tsawon jikinsa ban da ƙafafu bai cika wuce milimita 5 zuwa 10 ba. Ƙafafunsa takwas, biyun gaba sun fi sauran tsawo nesa ba kusa ba. In Clubiona ne za ka ga ƙafafun sun fi gajarta, na baya ne suka fi tsawo, launinsa kuma ya fi karkata zuwa ƙasa-ƙasa. Idanu takwas gare shi, ƙanana, kusan girmansu ɗaya, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Baƙin da ka gani a bakinsa muƙamuƙai ne guda biyu masu ɗauke da fiƙoƙi. A gadon bayan cikinsa akwai ɗan layi mai duhu da ya taso daga gaba ya tsaya a tsakiya, zuciyarsa ce ake hangowa ta cikin fata. Fatar ba ta da kauri ko kaɗan, har launin abin da ya ci yakan nuna a jikinsa: in ya ƙoshi da korayen tsutsotsi sai ka ga ya ɗan yi kore.

A ƙarshen kowace ƙafa yana da farata biyu da wani tulin gashi mai laushi da ido ba ya rarrabewa. Kowane silin gashi ya sake rarrabuwa zuwa ƙananan rassa masu yawan gaske, su ne ke manne wa abu mai santsi. Shi ya sa yake gudu a kan ganye ko gilashin taga, ko ya bi ƙarƙashin silin a kife bai faɗo ba. Masu shimfiɗa yana farata uku gare su, na ukun na riƙe zare ne.

Yanzu ita jakar. Gizo-gizon da muka saba gani yana shimfiɗa yana ne ya zauna jiran abin da zai faɗa mata. Yanar wancan koma ce ta kamun kifi, jakar wannan kuwa gidan sauro ne, na kwanciya kawai. Ba ya kama komai da ita. In asuba ta gabato sai ya nemi ganye, ya kafa zare daga wannan gefe zuwa wancan, yana ja yana ƙarawa har ganyen ya lanƙwaso ya rufa, sa'an nan ya shafe cikin da farin zare ya shige. Aikin mintoci kaɗan ne. Sau da yawa ba ya ma komawa tsohuwar jakarsa, inda gari ya waye masa nan yake saƙa sabuwa. Don haka yawan jakunkunan da ka gani ba shi ne yawan gizo-gizon ba, da yawansu babu kowa a ciki. In bai sami ganye ba sai ya yi a ƙarƙashin ɓawon itace, ko cikin zangarniyar dawa, ko lanƙwasar labule, ko bayan kalanda, ko kusurwar silin kamar yadda ka gani.

Jakar ma iri-iri ce. Ta yini siririya ce, kana hango mai ita a ciki. Akwai ta saɓa, domin fatarsa ba ta girma tare da shi, dole ya tuɓe ta sau da dama kafin ya balaga, kuma a lokacin jikinsa laushi gare shi, ba ya iya kare kansa, sai ya ɓuya. In ka buɗe jaka ka ga wani busasshen abu mai siffar gizo-gizo wanda numfashinka ma ke ɗaga shi, ba gawa ba ce, tsohuwar fata ce. Ta uku ita ce ta ƙwai, mai kauri, a rufe ruf.

Gani ya kori ji. Wata rana bayan isha'i ka ɗauki tocila, ka sa takalmi mai rufe ƙafa saboda macizan fadama, ka tsaya a bakin fangali ka haska ganyayen a hankali. Za ka gan shi yana tafe da sauri, ya tsaya cak, ya ɗaga dogayen ƙafafun nan na gaba yana lalube a iska, ya sake zabura. Ya bi saman ganye har ƙarshe, ya zagayo ta ƙarƙashi, ya gangara jikin kara, ya haye na kusa. Duk da idanunsa takwas, ganinsa ba shi da ƙarfi. Da taɓi da girgizar ganye yake farauta, gashin ƙafafunsa na jin motsin iska, wasu kuma na ɗanɗana abin da ya taka. Da zarar ya taɓa tsutsa sai ya rungume ta, ya soka fiƙoƙi, dafin ya kashe mata jiki, ya zuba mata ruwan da ke narkar da nama, ya tsotse. Duk inda ya bi yana jan zare guda a bayansa, in ka taɓa ganyen sai ya saki kansa ya rataye, in ka matsa ya koma sama.

Wannan lalube nasa shi ne abin da ya fi burge ni a sha'aninsa, kuma shi ne babban amfaninsa gare ka. Yawancin gizo-gizo ba su kula abin da ba ya motsi. Shi kuwa tunda yana bin ganye yana shafawa, yana cin karo da ƙwan malam-buɗe-littafin dare da aka jera a bayan ganye, ya shanye shi tun bai zama tsutsa ba. A gonakin auduga na jihar Texas a Amurka, masanan da suka riƙa kwana suna lura da abin da ke cin ƙwan tsutsar auduga sun tarar da wani nau'in Cheiracanthium a cikin masu cinye shi da dare. A can ne kuma aka tabbatar yana lasar ruwan zaƙin da ke fitowa a bayan ganyen auduga, abin da ke riƙe shi a gona ko da ƙwari sun yi ƙaranci. 'Yan'uwanmu masu noman auduga a Zamfara ya kamata su san wannan. A Isra'ila ma, wajen shekarar 1980, wani masani, Fadel Mansour, da abokan aikinsa sun gwada a lambun tuffa: rassan da aka kwashe wa gizo-gizo tsutsa ta yi musu ɓarna, waɗanda aka bar musu nasu kuwa ɓarnar ba ta kai ko'ina ba, kuma mai jaka ne ya fi yawa a cikinsu. Sun lura cewa ko tsutsotsin da bai ci ba, shigarsa cikinsu kan tarwatsa su su zubo ƙasa su mutu. Tsutsar da suka yi gwajin da ita 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda ta shigo Nijeriya a 2016 ta addabi masara.

Wadda ka gani kwance a kan ƙwai uwa ce. Namijin ya fi siranta da dogayen ƙafafu, yana da 'yan hannuwa biyu kusa da baki masu kumburarren kai, da su yake ɗaukar maniyyinsa ya sanya a jikin mace. Da ya balaga ba ya zama wuri ɗaya, yawon neman mace yake yi, a wasu nau'o'in ma yakan saƙa jakarsa a jikin ta wadda ta kusa balaga ya zauna jiran ta yi saɓar ƙarshe. Ita kuwa in ta tashi yin ƙwai sai ta saƙa jaka mai kauri, ta zuba gomomin ƙwai dunƙule wuri ɗaya, ta lulluɓe su, ta rufe ƙofa da kanta a ciki. Ta daina farauta, tana nan tana gadi har su ƙyanƙyashe su yi saɓar farko. A wannan lokacin ne take da faɗa, in ka yage jakar ba za ta gudu ba, buɗe fiƙoƙi za ta yi ta tsaya a kan ƙwanta. A Japan akwai nau'in da 'ya'yan kan cinye uwar kafin su watse, ita kuma ba ta hana su, an kuma auna an ga waɗanda suka ci sun fi waɗanda aka raba da uwarsu nauyi.

In lokacin watsewa ya yi, kowane ɗa sai ya hau ƙololuwar ganye, ya ɗaga cikinsa sama, ya saki zare, iska ta ɗauke shi. Ta haka suke komawa gona bayan ambaliya ko bayan girbi. Amma sai in akwai inda suka fake. Mafakarsu ita ce ciyawar gefen gona da ta bakin hanyar ruwa, kuma duk sanda aka banka wa wannan wuta ƙurmus bayan girbi, an ƙone irin da zai dawo ya tsare shuka ta gaba. Ko zirin ciyawa ɗaya ka bari a gefe ya yi amfani. Ba za su yi maka yawa ba, domin zanzaro da ƙadangare da tsuntsaye na rage su, a ɗaki kuma tsaka na nan.

Sai dai a nan akwai inda ya kamata ka buɗe ido, domin ba gizo-gizo kaɗai ke naɗe ganyen shinkafa ba. Akwai tsutsa mai yin haka, ita kuwa mai ɓarna ce. Rarrabe su ba wuya. Tsutsar tana naɗe ganye ne a tsaye, bisa tsawonsa, ta ɗinke gefe da gefe da zare jefi-jefi. In ka buɗe za ka ga siririyar koriyar tsutsa tana mutsu-mutsu tana ja da baya, ga kashinta dige-dige, ga ganyen an kankare korensa ya bar dogayen fararen layuka da haske ke ratsawa. Na gizo-gizo kuwa cikinsa fes yake, shafe da farin zare, ganyen kore shar ba a ci komai a jikinsa ba. Ka bi gonar ka buɗe ganye kamar ashirin a wurare daban-daban, abin da ka fi samu shi zai gaya maka halin da kake ciki.

Ko da tsutsar ka samu, kada ka yi saurin saɓa injin feshi. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta nuna cewa shinkafa mai ƙuruciya tana maye ganyen da aka ci ba tare da amfanin gona ya ragu ba. A kan haka aka yi gangami a yankin kogin Mekong na ƙasar Biyetnam daga 1994, aka ce manoma su gwada barin feshin maganin ƙwari a kwana 40 na farko. Waɗanda suka gwada ba su ga raguwar amfani ba, kuɗin magani kuma ya zauna a aljihunsu. Indunusiya ta riga ta sha wuya kafin nan. Yawan feshi ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwari, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa ya sami fili ya cinye gonaki, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, har a 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magunguna 57 a kan shinkafa. Dalilin a bayyane yake. Ƙwan mai ɓarna na cikin jikin tsiro, tsutsar kara na cikin kara, magani bai cika kai musu ba. Gizo-gizo kuwa da dare zai fito ya taka kowane ganye da aka fesa. Sa'an nan mai ɓarna cikin kamar wata guda ya sake hayayyafa, shi kuwa sai ya yi watanni kafin ya kai ga yin ƙwai. Kuma ruwan da ya fita daga fangalinka gulbi yake komawa, inda kifi yake.

Ba na ce gizo-gizo zai magance maka komai ba. Tsutsar da ta riga ta shige cikin kara har zangarniya ta fito fara ba ƙwaya, ko ƙwaron da ke mai da ganyen shinkafa bututu irin na albasa, sun fi ƙarfinsa. In ka ga waɗannan sun yi yawa, tuge tushe biyu ko uku ka kai wa malamin gona na KARDA, hukumar raya noma ta jihar Kebbi, ya gani da idonsa, a zaɓi abin da ya dace da lokacin da ya dace. Abin da nake hana ka shi ne feshi don ka ga jaka.

To, mu zo kan cizo. Gaskiya ne yana iya cizon mutum, fiƙoƙinsa na da ƙarfin huda fata. Ba ya neman mutum, abin kan faru ne in an danne shi cikin riga ko shimfiɗa, ko an damƙi ganye da uwa a ciki. Wanda ya ciza yakan ji nan take, zafi irin na harbin zuma, wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ya yi ƙaiƙayi, ya lafa cikin awoyi ko 'yan kwanaki. An daɗe ana ɗora masa laifin gyambo mai cin nama, musamman a Afirka ta Kudu da Amurka, har littattafan likitanci suka ɗauka. A 2006 wasu masu bincike, Richard Vetter da Geoffrey Isbister da abokansu, suka bi diddigin mutum 20 a Amurka da Ostareliya waɗanda aka kama gizo-gizon a lokacin da ya cije su, masani ya tabbatar da nau'insa. Ko ɗaya bai yi gyambo ba. Da suka koma tsofaffin rahotanni suka sami cizo 39 tabbatattu, guda ɗaya ne kawai fata ta ɗan lalace, shi ma wani babban nau'i ne na Turai. Wani binciken a wani asibitin Kalifoniya da aka buga a 2011 ya fi wannan ban mamaki: cikin mutum 182 da suka zo suna cewa gizo-gizo ya cije su, 7 ne kawai aka tabbatar haka ne, 156 kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga fatarsu. Wanda gizo-gizon ya ciza da gaske ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya ɗora tsumma mai sanyi, ya sha farasitamol in zafin ya dame shi. Ba tsaga, ba ƙaho, ba kananzir.

Batun fitsari kuma, gizo-gizo ba ya fitsari irin wanda ake nufi. Abin da yake fitarwa ɗan ɗigo ne fari mai kauri da ke bushewa a bango, kuma ba ya ƙona fata.

Abin da ka siffanta a wuyan yaron, dogon tabo kamar ƙuna da aka wayi gari da shi ya yi bororo, a gidan da ke kusa da fadamar shinkafa, ya fi kama da aikin wani siririn ƙwaro da masana ke kira Paederus. Tsawonsa bai cika kai santimita ɗaya ba, in ba ka lura ba ka ce tururuwa ce. Kansa baƙi, ƙirjinsa ja mai ruwan lemo, sai baƙi, sai ja, sai baƙi a wutsiya, yakan kuma ɗaga wutsiyar sama in yana gudu. A jiƙaƙƙiyar ƙasa yake rayuwa, gonar shinkafa gidansa ce, da dare kuma hasken ƙwan lantarki na jawo shi cikin gida, musamman farin haske. Ba ya cizo, ba ya harbi. Gubar tana cikin ruwan jikinsa. Yaro na barci ya ji abu na bin wuyansa, ya kai hannu ya murje ya ja, ruwan ya shafu a layi ɗaya. A lokacin ba a jin komai, sai bayan yini ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya yi raɗaɗi, ƙananan ƙuraje masu ruwa su jeru. Akwai alamar da ke ƙara tabbatar da shi: in wurin maƙogwaro ne ko lanƙwasar hannu, za ka ga tabo biyu suna fuskantar juna inda fata ta taɓa fata. Yakan warke cikin mako ɗaya zuwa uku, ya bar baƙin tabo da ke gushewa a hankali. Lokacin da gero da wake ke fure akwai kuma wasu manyan ƙwari masu laushin fiffike da ruwansu ke tayar da bororo haka nan.

A wanke wa yaron wurin da ruwa da sabulu a hankali, a riƙa ɗora tsumma mai sanyi, kada a fasa ƙurajen, a yanke masa farce, a wanke rigar da zanen da ya kwana da su domin gubar na zama a tufafi. Kada a shafa toka ko man birki ko man goge baki, su ne ke mai da ƙaramin ciwo babba. Ka kai shi asibiti a duba, a ba shi man shafawa da ya dace, domin daga bayani kaɗai ba a yanke hukunci a kan ciwon fata. Akwai ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau ke tayarwa a gefe ɗaya na jiki masu kama da wannan, akwai kuma maruru. In ka ga zazzaɓi, ko mugunya, ko jan yana yaɗuwa, ko abin ya shafi ido, a ranar za a tafi, ba sai gobe ba. Babba mai ciwon suga kuma kowane irin ciwon fata ya fito masa, kada a tsaya cewa tautau ne. Ka koya wa yaran gida su gane ƙwaron, in ya sauka a jikinsu su hure shi ko su ture shi da takarda, in sun riga sun murje su wanke da sabulu nan take. A gona kuwa ka bar shi, domin shi ma ƙananan ƙwarin shinkafa yake ci.

A ɗaki tsintsiya ta ishe ka. Share kusurwoyin silin da bayan labule duk mako, a kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta da tufafi kafin a sa, a janye gado daga jikin bango, a cusa gidan sauro ƙarƙashin katifa. Ƙwan lantarkin waje a nisanta shi da ƙofa da taga, a sa raga a tagogi, domin haske ke tara ƙwari, ƙwari kuma ke kawo gizo-gizo. Wannan guda ɗaya ya rage maka matsala biyu. Piya-piya da sauran magungunan gona da ake yayyafawa a ɗakin kwana kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Gizo-gizon da ke rufe cikin jaka maganin bai cika kai masa ba, yaran da ke shaƙa har safe su ke kwasa, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan amfani da su a cikin gida.

Son da yake yi wa matsattsen wuri mai duhu ya taɓa jawo wa kamfanin Mazda asara. A 2011 sai da ya janye motoci kusan 65,000 samfurin Mazda6 a Arewacin Amurka, saboda irin wannan gizo-gizon na saƙa jaka a cikin siririn bututun da tankin mai ke shan iska ta ciki, ya toshe shi har tankin na iya tsagewa. A 2014 aka sake janye wasu kusan 42,000. Don haka in ka ajiye injin ban-ruwa tsawon damina, duba ƙananan ƙofofinsa na shan iska kafin ka tayar da shi a noman rani.

In akwai gizo-gizon da zan ce ka yi hattara da shi a gida, wani ne daban. Yana da ƙulluleliyar ciki ruwan ƙasa, da alama ja ko ruwan lemo a ƙarƙashin cikin mai siffar dala biyu da suka haɗa kai. Yanarsa a hargitse take, a ƙarƙashin kujera ko cikin tsohuwar taya ko bayan randa, jakar ƙwansa kuma dunƙulalliya ce mai tsinaye kewaye da ita. Shi ma ba mai neman faɗa ba ne, amma dafinsa jijiyoyi yake taɓawa, yana iya kawo ciwon gaɓoɓi da murɗawar nama da zufa. Irin wannan a kwashe shi da sanda, ba da hannu ba. Duk kuma abin da ya ciji wani a gida, in an samu kama shi, ko da an riga an murƙushe shi, a sa a kwalba da ɗan sifirit a tafi da shi asibiti tare da mara lafiyar.